Daga Wuri Zuwa Sarƙa: Yadda Ake Huda, Shiri Da Ɗaurin Kayan Ado A Damagaram

Duk mai sana'ar shirya duwatsu ta san ranar da ake dawo mata da sarƙa a ƙulle a bakin zane, duwatsu a warwatse, wasu sun ɓace. In aka duba, dutsen lafiyarsa lau. Abin da ya ci amana ba ya wuce uku: ko bakin ramin dutse mai kaifi ya yanke zare, ko ƙulli ya kwance, ko an sa zaren da bai iya ɗaukar nauyin kayan ba. A Damagaram kuwa ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga zufa, ga ƙurar hunturu, kowanne yana cin zare. Saboda haka za mu fi daɗewa a kan huda da ɗauri, domin zaɓen launi kowa da idonsa.

Inda kayan suke fitowa

Ba mu da teku, amma kayan teku sun daɗe da sanin hanyar garin nan. Wuri shi ne kuɗin kakanninmu, kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Ƙaramin farin wurin daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake zuwa. Akwai kuma wani mai zoben ruwan ɗorawa a bayansa, wanda aka fi kawowa daga gaɓar gabashin Afirka. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya tarar a Kano ana canjin riyal ɗaya na azurfa a wuri 2,500. Abin da ya yi yawa haka ba ya ƙarewa, shi ya sa har yau ake samun tsohon wuri a adakar tsofaffi da wajen ƴan koli a Kasuwar Dole. Sabon wuri, ɓawon kayan ruwa da fasassun kwalaben da igiyar teku ta goge, ana iya ba masu zuwa Kwatano ko Lome sautu.

Na gida ma akwai: katantanwa, makankari mai sheƙi a ciki da ake tsinta a bakin tafki in ruwa ya janye, ɓarin kwalbar da yashin ƙorama ya cinye wa kaifi, da ƙwallon goriba wanda cikinsa fari ne mai tauri kamar haure. Abu ɗaya a kiyaye ƙwarai: kada a tura yara su shiga ruwan tafki neman katantanwa. Ƙananan dodon-koɗin ruwa mai kwanciya su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma ta fata take shiga jiki. A tsinci busassun da ke kan tudu kawai.

Kafin a biya kuɗin dutse

Aƙiƙ, jan dutsen nan da ake sa wa a zobe da carbi, da yawa daga wanda ya yi yawo a kasuwanninmu tun dā daga garin Kambat na Indiya aka yanko shi. Yanzu kwalba da leda sun cika kasuwa da kamanninsa. A ɗora dutsen a kumatu: na gaske yana da sanyi kuma yana jinkirin ɗaukar ɗumin jiki, leda kuwa nan take take ɗumi, ga ta sakayau. A ɗaga shi a rana: ƙananan kumfa a ciki, ko layin haɗi da ya zagaye shi, alamar kwalba ce da aka zuba a mazubi. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, aƙiƙ yana wajen 7, kwalba da bakin wuƙa wajen 5.5, wuri da murjani tsakanin 3 da 4. Ma'ana, wuƙa ba ta karce aƙiƙ, shi kuwa yana karce kwalba. Sai dai a nemi izini tukuna: «Alhaji, ka yarda in gwada ƙwaya ɗaya?» Mai kayan kirki ba ya hanawa.

Murjani shi aka fi yi wa rini. A jiƙa auduga da ruwan goge jan farce a goga kusa da rami. In audugar ta yi ja, rinanne ne, kuma zai zuba a wuyan farar riga ranar da aka yi zufa. Wurin leda kuwa haƙoransa duk iri ɗaya ne, ba shi da nauyi, in aka kaɗa biyu ba sa ƙarar nan ta tangaran.

Daga nan a auna girma. Zaren dutse ɗaya yakan kai santimita 38 zuwa 40. In duwatsun masu milimita 8 ne za a samu ƙwaya 47 zuwa 50, in masu milimita 6 ne 63 zuwa 66. Wannan lissafi shi ke hana a koma kasuwa neman ƙwaya biyar da ba za a sake samun irin launinsu ba.

Wanki

Ɓawon da aka tsinto a jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan omo, a tafasa minti 5, a zaƙulo abin da ya saura a ciki da tsinke. In aka bar ko ɗan kaɗan, wari zai tashi da zarar damina ta shigo. Sai a haɗa ruwan jabel, wato bilic, kashi 1 da ruwa kashi 10, a tsoma na rabin awa, a ɗauraye sau uku, a shanya a inuwa. Wuri mai sheƙi ba ya bukatar jabel, sabulu ya ishe shi, daɗewa a jabel yana dusar masa da fuska. Lemun tsami da duk wani ruwa mai tsami kada su kusanci wuri, makankari, murjani ko lu'ulu'u irin wanda ake cirowa daga cikin ɓawon kayan ruwa, domin jikinsu dangin alli ne, tsami yana narkar da shi. Kuma kada a taɓa haɗa jabel da ruwa mai tsami, hayaƙin da ke tashi guba ne. In ɓawo ya bushe ya yi furu-furu, ɗigon man kaɗe a tsumma yana dawo masa da launi.

Buɗe bayan wuri

Wuri ba ya kwanciya a ƙirji ko a kan fata sai an cire masa ƙusumbi. Wasu sukan soka ƙusa su ɓanɓare, amma ta haka ake asarar da yawa, wanda ya tsira kuma bakinsa kamar reza. Hanyar da ta fi ita ce guga. A samo dutsen wasa wuƙa, ko ɓarin dutsen nan mai kaushi da ya cika gefen Birni, a zuba masa ruwa. A kama wurin da yatsu biyu, haƙora a sama, baya a kan dutse, a riƙa zagayawa da shi kamar ana niƙa, ba gaba da baya ba, don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. Bayan ɗan lokaci za a ga tabo mai duhu a tsakiya, wurin ya yi siriri ke nan. A ci gaba a hankali har rami ya buɗe ya kai faɗin da ake so. Akwai wata ƴar murɗaɗɗiyar tsoka ta ɓawo a ciki, a karye ta da tsinin basilla. Sai a bi bakin ramin da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 400, a gama da 600. A shafa yatsa: in ya ji kaifi, zare ma zai ji.

Ruwan nan ba don sauƙin guga kaɗai ba ne. Ƙurar ɓawo da ta dutse suna illa ga huhu, ta aƙiƙ ta fi muni don ba ta fita in ta shiga. Duk guga da hudar ɓawo, kwalba da dutse a jiƙe ake yin su.

Wuri mai zoben ruwan ɗorawa, a ganinmu, asara ce a goge masa baya, tunda adonsa a nan yake. Shi huda ɗaya ake yi masa a siririn ƙarshensa a rataye shi.

Huda

Makankari da katantanwa suna huduwa da bakin injin huda na ƙarfe na yau da kullum mai milimita 1.5. Kwalba da dutse sai baki mai garin daimon. Ƙaramin injin huda mai batir ya fi, domin aiki ne a cikin ruwa, waya mai wuta kusa da kwano kuwa haɗari ce. A sa ɗan katako a cikin kwano, a ɗora abin da za a huda, a zuba ruwa ya rufe shi da kamar milimita 3. A yi alama a nesa da gefe da aƙalla milimita 3, a kwalba ma 4, in ba haka ba gefen zai ɓalle ranar da sarƙa ta maƙale a mayafi.

A fara da bakin injin a karkace har ya ɗan ci wuri, sannan a miƙar da shi tsaye. In aka fara a tsaye zai zame ya ja layi a fuskar kwalbar. Kada a danna, nauyin hannu ya isa. A huda daƙiƙa biyu ko uku, a ɗaga don ruwa ya shiga ya sanyaya ya wanke gari, a sake. Farin gajimare a cikin ruwa alama ce aiki na tafiya. In aka kai rabi, a juya a ɓullo ta ɗaya gefen daidai saitin ramin farko. Wanda ya zarce ta gefe ɗaya, lokacin da bakin zai fita sai ya tsage bayan kamar an ɓantari tukunya. Kwalbar da ta tsage tun ana tsaka da huda kuwa zafi ne ko danniya.

Aƙiƙ yana huduwa ta wannan hanya, amma yana cin lokaci yana cin bakin inji. Ga mai farawa, ya fi riba a sayi hudajje. Ƙwallon goriba kuma a busasshe ake aikinsa: a yanka da ƙaramin zarto, a gyara da magagari, a huda da bakin ƙarfe a hankali don kada ya ƙone, a rufe hanci da ƙyalle.

Ko dutsen da aka sayo hudajje a gwada shi. A zura zare, a kama gefe biyu, a ja shi gaba da baya sau goma yana gogar bakin rami. In zaren ya yi gashi, a naɗe ƴar samfefa a jikin allura a murza a bakin ramin, ko a ware ƙwayar a yi ɗan kunne da ita, inda waya za ta ɗauke ta.

In ba a son huda

Ɓarin kwalba mai kyan siffa ana iya ɗaure shi da waya. Masu gyaran fanka da injin ruwa suna da jar waya mai rufin sheƙi, kauri iri-iri, kuma rufin yana hana ta shafa wa fata kore. A yanko biyu masu kaurin milimita 0.8, kowace santimita 25 ga kwalba mai girman babban yatsa. A jera su, a ɗaure tsakiyarsu da siririyar waya mai 0.4, naɗi shida. Wannan ɗaurin shi zai zauna a gindin kwalbar. A tanƙwaro wayoyin su bi gefe da gefe zuwa sama, a sake ɗaure su a kowane gefe da kuma a sama. Sai a ja waya ɗaya ta ɗan hau fuskar kwalbar, ɗayar ta hau bayanta, a kowane ɓangare, a ɗan murɗa da filaya har ta kama. A sama a naɗe biyu a jikin biro su zama zoben rataya, sauran biyun a zagaye wuyan zoben da su, a yanke, a danne tsinin. A girgiza: in kwalbar ta yi motsi, a ƙara murɗa. Bakin filaya a naɗe shi da salatif don kada ya kankare rufin wayar.

Zare

A nan ne yawancin aiki ke lalacewa. Zaren kamun kifi shi ya fi araha, shi kowa ke fara saye. Ga ƙananan duwatsun kwalba marasa nauyi ba laifi, mai kaurin milimita 0.30 zuwa 0.35 ya isa. Ga aƙiƙ kuwa bai dace ba: rana da zafi suna busar da shi, yana miƙewa, rana ɗaya ya tsinke ba gargaɗi. Dutse mai nauyi yana son ɗaya cikin biyu. Ko wayar shirya duwatsu, wadda siraran ƙarafa ne aka murɗe aka rufe da leda, mai kaurin 0.45, a jikin naɗin akan rubuta 7, 19 ko 49, yawan siraran ke nan, kuma mai yawa ta fi laushi ta fi jure lanƙwasa. Ko kuma zaren nailan mai ƙarfi irin na dukawa da masu ɗinkin takalmi, a ruɓanya shi, a ja shi a kan kakin zuma sau biyu.

Sarƙa mai santimita 45

Za a bukaci aƙiƙ mai milimita 8 ƙwaya 42, ƙananan duwatsun kwalba masu milimita 2 ƙwaya 44, wuri ɗaya, ƙaramin zobe mai baki na milimita 6, ƙugiya da zobenta, ƴan bututun ƙarfe da ake matsewa su riƙe waya guda 2, da waya santimita 60. Aƙiƙ zai ci santimita 33.6, ƙananan 8.8, ƙugiya da wurin ratayar wuri su cike sauran. Ƙananan duwatsun ba ado kaɗai ba ne, su ke hana manyan gogar juna, su ke ba sarƙa damar lanƙwasa.

A shimfiɗa tawul a kan faifai don kada duwatsu su gangara, a jera komai yadda za a shirya kafin a taɓa waya. Zoben wuri ba a buɗe shi ta hanyar ja da baya, don ba zai koma da'ira ba. A kama gefe biyu da filaya biyu, a murɗa ɗaya gaba ɗaya baya, a saƙala wurin, a murɗo ya rufe har bakin biyu su gogi juna.

Daga tsakiya ake fara shiri. A zura zoben wuri, ƙaramin dutse a kowane gefensa, sannan babba, ƙarami, babba, har 21 a dama 21 a hagu, kowane gefe ya ƙare da ƙarami. In duwatsun ba su yi daidai da juna ba, manya su zauna kusa da wuri, ƙanana su tafi ƙeya.

A gefe na farko a zura bututun matsewa, a bi ta ramin ƙugiya, a dawo ta cikin bututun. A bar madauki ɗan sako-sako yadda ƙugiya za ta yi lilo. Sa tsinken ashana a ciki yana ba da daidai gwargwado. A tabbata wayoyin biyu suna kwance gefe da gefe a cikin bututun, ba ɗaya a kan ɗaya ba, domin in sun haye juna matsi zai sa su yanki juna. A matse da filaya sau ɗaya da ƙarfi, a ja a gani. Jelar da ta saura a tura ta cikin duwatsu uku sannan a yanke.

Gefe na biyu shi ne mai wuya. Kafin a matse, a lanƙwasa sarƙar ta yi da'ira kamar tana wuya. Wanda ya matse tana miƙe, in aka zo sawa za ta sandare kamar sanda, kuma duk nauyin zai koma kan bututu har ya zame. In kuma aka sake da yawa, waya za ta riƙa leƙowa kusa da ƙugiya. Sarari kamar kaurin ƙaramin dutse ɗaya shi ne daidai.

In da zare za a yi, sai a cire ƙananan duwatsu a sa ƙulli tsakanin kowace ƙwaya. Zare mita 2.5 a ruɓanye, aƙiƙ ƙwaya 47, don kowane ƙulli yana cin kamar milimita 1. A yi sakakken ƙulli, a sa tsinin allura a cikinsa, a jawo shi da allurar har ya manne da dutse, sannan a zare allurar a raba zaren biyu a ja su gefe da gefe. Aikin yana cin yini, amma in sarƙar ta tsinke ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. Murjani da lu'ulu'u ta wannan hanya kaɗai ya kamata a shirya su, don suna da laushi, gogar juna tana cinye su. In ƙulli yana shigewa cikin rami, zaren ya yi siriri, a ƙara ruɓi.

Ƴan kunne, abin hannu da jigida

Ƙwaya biyar ɗin da suka saura daga zaren aƙiƙ mai ƙwaya 47 bayan an yi sarƙar waya sun isa ƴan kunne, bibbiyu, ɗaya ta zauna ajiya. A yanko waya mai 0.6 santimita 7, a naɗe ƙarshenta ƙaramin naɗi don ya tare dutse, a zura biyu da ƙarami a tsakani. A sama a bar milimita 2, a karya wayar kwana, a zagaya ta a tsinin filaya ta yi zobe, jelar a naɗe ta a wuyan sau uku. Zoben da ba a naɗe wuyansa ba yana buɗewa in ɗankwali ya ja shi. Ƙugiyar da ke shiga kunne kuwa kada a yi rowa: azurfa mai lamba 925, ko a kai wa maƙeran fari su lanƙwasa da waya mai 0.8. Ƙarfen araha yakan ƙunshi nikel, shi ke sa kunnen mata da yawa ƙaiƙayi da ruwa. Tsinin a goge shi da samfefa ya yi santsi.

Abin hannu a auna wuyan hannun mai shi da zare, a ƙara santimita 1.5, in duwatsun manya ne 2. Zaren roba mai 0.8 shi ya dace da dutse mai milimita 8. A ja shi da ƙarfi sau da yawa kafin a fara, in ba haka ba zai saki bayan mako guda. Wajen ɗauri a yi ƙulli na farko da zagaye biyu, na biyu da zagaye ɗaya, a ja ta kowane ɓangare huɗu, a tura ƙullin cikin dutse mai faɗin rami. Gam mai kamawa nan take yana sandarar da roba da nailan har su karye a daidai ƙullin. Ɗigon farin man farce ya fi. A gaya wa mai saye gaskiya cewa roba ba ta daɗewa a zafin garin nan, ta kawo a sake mata in ta ga ya fara saki.

Jigida a tsaye ake auna ta, a daidai inda mai ita take so ta zauna, a ƙara yatsa biyu don zama da cin abinci. Tana shan ruwan wanka da zufa kullum, don haka ba waya, ba ƙarfe mai tsatsa, ba rinannen dutse. Zaren nailan ruɓi huɗu da kaki, a ɗaure sau uku, a ɗan taɓa jelar da wutar ashana ta narke ta dunƙule, a kula kada wutar ta kai ƙullin.

Kafin kaya su bar hannu

A riƙe sarƙar ta ƙugiya a girgiza, a ja ta da ɗan ƙarfi, a goga ta a tsohon mayafi mai laushi. Duk inda ta kama zare akwai tsinin waya da ba a danne ba. A rataye ta kwana ɗaya a ƙusa, in zaren zai miƙe a nan zai nuna, gara a gyara a gida.

Wajen miƙawa a ce: «Hajiya, sai kin gama shafa humra da turaren wuta sannan ki sa, in kin cire ki goge da busasshen ƙyalle.» Turare da mai suna dusar da murjani, lu'ulu'u da wuri, hayaƙi kuma yana sa azurfa baƙi. Kowace sarƙa a ajiye ta a ƴar jakarta daban, domin aƙiƙ in ya kwana da wuri a gwangwani ɗaya zai karce shi. Azurfar da ta yi baƙi a goge ta da laushin toka da ɗigon ruwa, a rufe duwatsun da yatsa kada tokar ta taɓa su, a ɗauraye, a busar sosai kafin a mayar jaka.